Babban Yatsan Gidanmu da Ramin Zuciyar Nana

Ƙarfe tara da minti ashirin na safe, ranar Laraba, muka tsaya gaban jami'in shige da fice a ƙasar Indiya. Waɗanda ke wurin su ne ni, da Rabi matar ɗana Sani, da ɗiyarsu Nana mai shekara huɗu, sai jami'in, da wata na'ura da ake ɗora yatsu a kai. Agogon hannuna yana cewa biyar saura minti goma na asuba, domin ban yarda na juya shi daga lokacin Daudawa ba. Ƙasar da ta bambanta da mutane da awa huɗu har da rabi, sai na ga kamun ludayinta tukuna.

Na ɗora yatsu huɗu, na'ura ta karɓa. Na ɗora babban yatsa, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Jami'in ya leƙo, ya kama hannuna ya juya shi kamar mai taya kaza a kasuwa, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya juya. Sai da aka kwantar da hannun a gicciye sannan ta karɓa.

A nan sai na yi bayani uku, in ba haka ba mai karatu ba zai gane komai ba.

Babban yatsan mutane gaɓa biyu gare shi. Namu uku ne, dogo, siriri, yana tsaye a layi ɗaya da sauran yatsu. Kakana yana da shi, mahaifina yana da shi, ni da yayata Yaya Abu muna da shi, Sani yana da shi a hagu, Nana a duka biyun. A Daudawa Gidan Dogon Yatsa ake ce da mu, kuma muna amsawa da alfahari. Duk jaririn da aka haifa, kafin a yi maganar rago, dattijon gidan yakan buɗe hannunsa ya duba. Idan yatsan ya fito, sai mata su yi guɗa, a ce wannan magini ne. Da shi na yi shekara arba'in ina riƙe cokalin gini, daga Faskari har Ƙanƙara.

Bayani na biyu. An haifi Nana da rami a zuciya. Ba ta gudu, ba ta ƙiba, in ta tsallaka tsakar gida sai ta tsuguna tana haki. Likitocin gida suka ce a kai ta waje. Yaya Abu ta tara mu a zaurena ta ce gidanmu ba mu san wannan ciwo ba, daga Sabuwa aka kawo mana shi, wato daga dangin Rabi, don haka a mai da ita gidansu tun ba ta ƙara haifo wani ba. Ni ba na yanke hukunci ba takarda. Na ce zan karɓo maganar likita a rubuce. Idan daga wajensu ne, ta tafi. Na rubuta wannan a littafina, tambaya ta bakwai. Ban ɓoye ba, ni ma abin da nake zato ke nan. Rabi tana bayan katanga tana daka, kuma na lura tabarya ta yi shiru.

Bayani na uku. Fasfon Sani bai fito ba, nawa na aikin Hajji yana nan, shi ya sa ni na yi rakiya. To, shekara shida Rabi tana gidana, ban da gaisuwa daga nesa a tsugune, ba mu taɓa yin magana ba. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta wucewa ta inda nake zaune, ni kuma ban taɓa kiran sunanta ba. Haka suruki da matar ɗa suke a wurinmu, kuma tsari ne mai kyau. Sai dai wanda ya kafa shi bai taɓa shiga jirgin sama ba. Kujerunmu a jere suke. Muka sa Nana a tsakiya, ta zama manzo.

"Nana, ce wa uwarki ta riƙe takardu da kyau."

"Inna, Kaka ya ce ki riƙe takardu."

Rabi ta yi raɗa. Nana ta juyo. "Tsoho, ta ce ta riƙe. Ta ce kuma ka saya mini alewa."

"Ita ta ce?"

"Ta kusa cewa."

Jirgi ne zangonmu na farko. Zango na biyu shi ne hannun wani mutum da ya tarye mu a ƙofar filin jirgi, ɗauke da kwali mai sunana. Ya ce shi wakilin asibiti ne. Yana da ɗan Turanci, ni ma ina da na firamare da na wurin aiki, muka haɗa su suka kai mu mota. A hanya na ga abin da har yau nake ba da labarinsa ba a yarda ba: shanu, ƙosassu, suna yawo a kan kwalta, ba makiyayi, ba igiya, ba mai kallonsu. Na ce Nana ta tambayi uwarta ko ita ma ta gani. Saniya irin wannan a hanyar Faskari, ba za ta ga la'asar ba.

Wakilin ya sauke mu a wani bene, hawa na biyar, ba na'urar hawa. Yarinyar da ba ta iya tsallaka tsakar gida, ni nake saɓa ta sama da ƙasa, ina shekara sittin da bakwai. Ɗaki ɗaya ya ba mu. Na duba, na ɗauki dardumata na koma baranda, tare da tantabaru. Ya karɓi fasfunanmu ya ce za a yi rajista. Na tambaye shi yaushe za mu ga likita, ya kaɗa kai gefe da gefe ya ce gobe. Gobe ta yi, ya ce gobe.

Rana ta uku ya kai mu wani wuri da ya ce shi ne asibitin. Ban san aikin likita ba, amma na san gini. Fentin bai bushe ba. Allon da ke ƙofa da sababbin ƙusoshi aka kafa shi, kuma a ƙarƙashinsa ga inuwar wani tsohon allo da aka cire. Ƙofar ɗakin da suka ce na tiyata ne, gadon mara lafiya ba zai shige ta ba. Na auna da taƙina. Na ce, "Nana, ce wa uwarki ta ɗauke ki, mu tafi." Wakilin ya biyo mu yana surutu. Na ce ya ba ni fasfo. Ya ce gobe.

Ranar nan na zauna a baranda na duba agogona. A Daudawa an fito sallar azahar, an shimfiɗa tabarmi gindin dalbejiya, wani ya zauna a wurina. Ban ci komai ba sai shinkafa mai yaji da ke sa ni hawaye, har ta kai ban san wanne ne na yaji ba. Rabi, ba tare da an aika mata ba, ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta kaɗa miyar kuka a kan ɗan rishon ɗakin.

Ƙanshin daddawar miyar nan ne ya cece mu. Ba a yi minti goma ba na ji ana hawowa bene da ƙyar, ana cewa da Hausa, "Wane bawan Allah ne ke miyar kuka a ƙasar ga? Ku buɗe, ko in fasa ƙofa!"

Hajiya Kulu ke nan, 'yar kasuwar atamfa daga Ƙanƙara, mace mai jiki da murya. Wata uku ke nan tana jinyar mijinta a hawa na biyu, ciwon ƙoda. Ta yi makarantar horon malamai, tana da Turanci, ta kuma tsinci Indiyancin kasuwa. Sai da ta share kwano sannan ta tambayi su wa muke. Na yi mata bayani daki-daki. Ban kai rabi ba ta katse ni.

"Alhaji, tsaya. Wani siriri mai jan takalmi? Ka ba shi fasfo? Kai da girmanka? Mi ya hana ka ba shi har da hularka?"

Da safe wakilin ya zo da gobensa. Hajiya ta tare shi a matakala. Ban ji abin da ta faɗa ba, amma na ga ƙofofi suna buɗewa tun daga hawa na ɗaya, mata suna leƙowa, wata tsohuwa har ta fito da muciya. Fasfo uku suka fito daga aljihunsa kamar ya daɗe yana neman wanda zai ba.

Zango na uku, asibitin gaskiya, inda Hajiya ta kai mu. Ƙofofinsa gado biyu za su wuce a jere. Kwana biyu ana yi wa Nana hotuna, sannan ƙarfe sha ɗaya da kwata aka shigar da mu wurin babbar likita, wata mace ƙarama mai furfura. Ni da littafina, Rabi a kusurwa kanta a ƙasa, Nana a kan gado, Hajiya tana tafinta. Likitar ta haɗa tafin hannuwanta ta gaishe ni irin tasu. Don ladabi na yi yadda ta yi. Sai na ga idonta ya tsaya a hannuna, ya koma na Nana, ya dawo nawa.

Na fara da tambaya ta ɗaya. Ta ce in dakata, ta tambayi sana'ata. Na ce magini. Ta ce madalla, ta jawo takarda ta zana gida mai ɗaki huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ta ce zuciya ke nan; katangar da ta raba na saman nan biyu ce ba a ƙarasa ba a ta Nana, jini yana zurarewa inda bai kamata ba.

Na ce, "Hajiya, tambaye ta wa ya bar aiki ba a ƙarasa ba."

Abin da ta faɗa, ga shi yadda na rubuta. Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kuma kowace ƙwaya tana riƙe da zanen ginin gaba ɗaya, kwafi biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Na ce wannan ba tsari ba ne. In kowane lebura yana da zane a hannu, kowa zai gina abin da ya ga dama, a wayi gari ido ya fito a gwiwa. Likitar ta yi dariya ta ce shi ya sa akwai heluma, shugaban leburori. A cikin zanen akwai layukan da ba gini ne aikinsu ba, umarni ne: wane shafi za a buɗe, a wane wuri, yaushe a fara, yaushe a tsaya. Su ke ce wa waɗannan ƙwayoyi ku zama tsokar zuciya, waɗancan ku miƙe ku zama jijiyar jini, ku kuma ku daskare ku zama ƙashi. Na ce yanzu na ji magana. Ba a ɗora linta kafin bulo ya kai.

Ta ce to, akwai heluma guda da aka ba aiki a wuri biyu, a makonnin farko na ciki, tun mace ba ta gama tabbatar da tana da shi ba. Wurin farko katangun zuciya da wayoyin da ke sa ta bugawa. Na biyu ƙasusuwan hannu. Ƙafa ba ruwansa, wani heluman ne. Idan kwafi ɗaya na umarninsa ya zo a goge, muryarsa ta ragu rabi, leburori su ji wani su rasa wani. A jikin wani yatsa ne kawai zai sauya. A jikin wani, yatsa da katanga. Kuma duk mai shi, kowane ɗa da ya haifa yana iya ɗauka, yana iya tsallakewa, kamar a jefa kwabo sama.

Zufa ta fara keto mini, amma tsari tsari ne. Na tsallake tambaya biyar, abin da ban taɓa yi ba, na karanta ta bakwai: daga wane ɓangare ciwon ya fito?

Likitar ta ce ba laifin kowa ba ne, ba mai zaɓar abin da zai gadar. Na ce ban tambayi laifi ba, ɓangare na tambaya, kuma a rubuce nake so. Ta je ta duba hannuwan Rabi, ciki da baya. Ta dawo ta kama hannuna, ta ɗora shi a kan gado kusa da na Nana. Yatsu biyu dogaye, babba da ƙarami, kamar uba da ɗa sun jeru sallah.

Hajiya Kulu ba ta jira a ba ta abin fassarawa ba. "Alhaji, wannan ko ba tafinta. Kayan gidanku ne."

Aka ɗebi jininmu mu uku don a tabbatar, kuma bayan makonni ya tabbatar. Aka kuma kwantar da ni aka liƙa mini wayoyi a ƙirji. Duk Daudawa an san ni da cewa ba abin da ke sa gabana faɗuwa. Na sha cewa ko rufi ya rufta zuciyata ba ta sauri. Likitar ta ce lallai ba ta sauri, domin saƙon bugun yana makara a hanya, sai an riƙa dubawa duk shekara.

"Ashe ba jarumta ba ce," in ji Hajiya. "Waya ce ta saki."

Likitar ta tambaye ni ko akwai wanda ya mutu farat ɗaya a danginmu. Na tuna mahaifina, da ya faɗo daga tsani ba wanda ya taɓa shi, muka ce iska ce. Na tuna ƙanena Ɗanlami, mai yatsa a hannu biyu, da bai kai shekara goma ba.

Kwana biyu kafin aikin, na kira manzo sau uku. "Nana, ce wa uwarki..." Sai maganar ta ƙi fita. Na farko na ce ta ci abinci. Na biyu na ce ta rufe taga. Na uku Nana ta gaji. "Tsoho, ga ta nan fa. Bakinka ciwo yake?"

Zango na huɗu benci ne, mai kujera huɗu, a ƙofar ɗakin aiki. Ƙarfe goma da minti biyar suka shiga da Nana. Ba ƙirji za su tsaga ba. Ta jijiyar cinya za su zura faci, su bi hanyar jini har cikin zuciya, su toshe ramin daga ciki. Shekara arba'in ina gini ban taɓa jin an yi wa katanga faci ta bututun ruwa ba. Hajiya ta tafi wurin mijinta. Ni a wannan ƙarshen benci, Rabi a wancan, kujerar manzo ba kowa.

Wata tsohuwa Ba'indiya da ke jiran nata mara lafiyar ta dube mu, ta zo ta zauna tsakaninmu, ta buɗe ƙullin gurasarta. Ta ba ni, ta ba Rabi. Rabi ta riƙe a hannu. Tsohuwar ta yi mata faɗa da yarensu, ta nuna ni, ta nuna ta, da alama ta ɗauka ɗiyata ce. Da ta ga ba a ci ba, ta gutsura ta kai mata baki. Haka Rabi ta ci abinci a gabana karon farko, tana kallon bango. Aka kira tsohuwar, ta tafi.

Na yi gyaran murya. Na ce, "Rabi."

Ta zabura kamar an harba bindiga. Ta zame daga benci ta tsuguna. "Na'am, Baba."

"Koma ki zauna, nan ba zaure ba ne. Magana uku ce. Na ɗaya, ciwon yarinyar nan daga jikina ya fito. Na biyu, na yarda da maganar da ba ni da shaida a kanta, kuma kin ji ni ina faɗa. Na uku..." Na duba littafi, ba na uku a ciki. "Na uku, ki yafe mini."

Ta koma kan benci ta zauna. Sannan, kanta a ƙasa, murya can ciki, ta ce, "Na ji, Baba. Ba komai. To... yanzu wa za a mayar gidansu?"

Na juya na dube ta. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ban san dariya take ko kuka ba, daga baya na gane duka biyun ne. Ni ma wani abu ya kufce mini daga maƙogwaro, wanda ban shirya ba. A haka likita ta fito ta same mu, sha biyu saura minti takwas, ta ɗaga babban yatsanta sama, irin mai gaɓa biyu. Rabi, wadda don kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ta miƙe ta ce "Nana!" da ƙarfin da ya sa ma'aikaciya ta yar da faranti.

Zango na ƙarshe zaurena ne. Ƙarfe huɗu da minti goma, bayan la'asar. Akwai Yaya Abu, da Sani, da duk wanda ya halarci zaman farko, da Malam Isiya mahaifin Rabi, wanda na je Sabuwa da kaina na ɗauko. Na ce kowa ya ɗora hannuwansa a kan tabarma. Na karanta takardar likita, na yi bayanin heluma.

Yaya Abu ta janye hannunta cikin zane. "Mamman, ka tahi Indiya sun juya maka kai. Yatsan Baba ne fa! Da shi ya gina rabin garin ga."

"Da shi kuma ya faɗo daga tsani, Yaya."

"To sai mi? A mai da mu ina?"

Malam Isiya ya ce a hankali, "A Sabuwa dai akwai ɗaki, Hajiya, in ana bukata."

Zaure ya fashe da dariya. Ana cikin haka akuya ta ratso ta tsakiyarmu a guje, Nana a bayanta da kara, ta tsallake ƙafar Yaya, ta fita ƙofa, ta zagayo ta sake shigowa, ba haki. Yaya ta bi ta da kallo, bakinta a buɗe. Ta share ido da gefen zane ta ce, "Ku kama 'yar banzar ga kar ta faɗi." Ba wanda ya tashi. Rabi tana gidana har yau. Mun koma gaisuwa daga nesa, kamar yadda ya dace, sai dai in na wuce nakan ga mayafinta yana rawa. Al'adar buɗe hannun jariri kuma ban hana ba. Na dai ƙara mata mataki: in yatsan ya fito, a yi guɗa, sannan a nemi mota zuwa asibiti.

Saura aiki ɗaya, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Kakana ya haifi 'ya'ya da yawa, sun watsu Tafoki, Pauwa, Ƙanƙara, wasu ban san inda suke ba, kuma ba gidanmu kaɗai ne ke da irin wannan ba. Ina roƙonka, mai karatu, idan ka san wani mai babban yatsa gaɓa uku, ko wanda nasa ya fito guntu, ko aka haife shi babu, kada ka tsorata shi, kada kuma ka yi shiru. Ka ce masa ya je babban asibiti inda ake hoton zuciya, a duba shi, a duba 'ya'yansa. Idan ya yi maka gardama, turo mini shi Daudawa. Ina zaure kullum daga bayan la'asar zuwa magariba, zan nuna masa nawa.